Kalmar Turanci ba ta tafiya ita kaɗai: yadda za ka riƙe ta tare da abokiyar tafiyarta

Kwanakin baya ina duba rubutun yaran da nake yi wa lesin da yamma a nan Tudun Wada, sai na ci karo da jimlar wata yarinya, yarinya mai ƙoƙari wallahi, irin wadda in ka ba ta kalma ashirin yau gobe za ta kawo maka su da ma'anarsu ba ta faɗi ko ɗaya ba. Ta rubuta "My mother drank her tablets and the rain was strong." Na ja jan biro wuri biyu. Da aka tashi ta zo ta tsaya gaban tebur da littafin a hannu, ta ce Malam don Allah ina kuskuren yake, ai drink shi ne sha, strong kuma ƙarfi, sai da na duba ƙamus ma. Kuma fa gaskiyarta, ta duba ɗin, kowace kalma in ka cire ta ita kaɗai daidai take. Haɗin ne bai yi ba. Mai Turanci ba ya drink ƙwayar magani, take yake yi, ruwan sama kuma a wurinsa heavy ne, iska ce strong.

Abin ya tsaya min a rai don ba ita kaɗai ba ce, yawancinmu haka aka koya mana tun firamare, kalma a hagu ma'ana a dama, a hardace kamar karatun allo, babu wanda ya ce mana kowace kalma tana da waɗanda take yawo da su. Masana suna kiran abin collocation, ka riƙe sunan don zai yi maka amfani wurin bincike a waya, ni dai a aji abokan tafiya nake ce musu. Wani masanin harshe ɗan Ingila, J. R. Firth, tun 1957 ya faɗi cewa ana gane kalma ne daga waɗanda take tare da su.

Toh kafin ma mu je Turanci, dubi Hausar da ke bakinka. Muna cin kasuwa, muna cin amana, muna cin zaɓe, amma iska shanta muke yi, haka rana, haka rake. Wa ya taɓa zaunar da kai ya ba ka dalili? Babu. Amma yau in wani baƙo mai koyon Hausa ya ce maka zai fita ya ci iska, ko wane ya sha amanarsa, nan take kunnenka zai ƙi karɓa ko da ka gane nufinsa. Toh haka mai makin jarrabawa yake ji in ya ga "strong rain". Irin wannan kunnen muke so ka samu a Turanci, kuma ana samunsa, aiki ne kawai.

Inda nake fara wa kowa shi ne littafin rubutu guda ɗaya, ko mai 40 ko mai 60, wanda ba za ka haɗa shi da komai ba. Kar ka jera shi daga A zuwa Z. Ka ɗauko kalmomin aikatau na Hausa masu ɗaukar kaya da yawa, su sha, ci, ji, yi, kama, kashe, ka ba kowacce shafinta, don a nan ne tarkon yake: a kanka kalma ɗaya ce, a Turanci kuma ta rabu gida biyar ko shida, kai kuwa ta farko da aka koya maka ita kake ta ɗorawa ko'ina.

Shafin sha misali. Ruwa da shayi da kunu, drink. Magani take. Taba smoke. Mangwaro da lemo na ɓarewa eat ake yi musu. Shan iska get some fresh air, shan wahala suffer ko have a hard time. Shafin ci ya ma fi cika, abinci ne kaɗai eat, jarrabawa pass, zaɓe da wasa win, ƙwallo a raga score a goal, riba make a profit, amana betray someone's trust. Shafin ji kuwa shi ne yake yawan tona mana asiri a baki, za ka ji mutum mai digiri ya ce "I am hearing a smell", alhali hear na kunne ne kawai, wari da ƙamshi smell, sanyi da zafi feel, ɗanɗano taste, in kuma kana jin wani harshe understand ne, yunwa ma "I am hungry" kawai za ka ce ka huta.

Yi ita ce babbar rigima, zan ɗan daɗe a kanta. An saba ce wa yara make na abin da aka ƙirƙira ne, do na aikin da aka aiwatar, kuma eh wannan yana taimakawa, make a cake, make a plan, make a mistake, make noise, make a decision, sannan do your homework, do the washing, do business, do me a favour. Amma kar ka jingina da dokar gaba ɗaya don tana da ɓaraka, gyaran gado make the bed ne alhali ba ka ƙera gadon ba, kiran waya make a call. Abin da ya fi wannan ma, rabin yi ɗinmu ba make ba ne ba do ba ne. Yin mafarki have a dream, yin wanka take a bath ko have a bath, yin ƙarya tell a lie, yin aure get married, yin hatsari have an accident, yin tambaya ask a question. Shi ya sa nake haƙura da dokar in ce a rubuta kowanne da abokinsa. Ni a ganina yaron da ya riƙe irin waɗannan guda talatin da kyau ya fi wanda ya hardace manyan kalmomi ɗari uku da ba zai iya sa ko ɗaya a jimla ba, kuma na ga hakan da idona a takardun insha'i, wanda ya rubuta kalmomi 450 ɗin da WAEC ke nema da sauƙin Turanci mai haɗi daidai ya fi daɗin karantawa nesa ba kusa ba.

Akwai wani abu a shafin kama da yake burge ni kullum. Mu mura ce take kama mu, su kuma su ne suke kama murar, "I caught a cold". Mu barci ne yake ɗauke mu, su "I fell asleep". Mu jirgi ne ya tafi ya bar mu a tashar Rigasa, su "I missed the train", in ka samu kuma "I caught the train". Wato wani lokacin ba kalmar kaɗai za ka canja ba, har wanda ya yi aikin sai ya juya. Kashe kuma, fitila da fanka switch off ko turn off, kuɗi spend, wuta mai ci put out, kill sai mai rai.

Yanzu ga sashen da mutane suke tsallakewa kuma shi ne ainihin aikin. Ƙarƙashin kowane haɗi ka rubuta cikakkiyar jimla taka ta kanka, a kan abin da ya faru da kai ko wanda ka gani, ba wadda ka kwafo ba. In ka rubuta heavy traffic kawai gobe ka manta. In ka rubuta "There was heavy traffic on Ahmadu Bello Way this morning" alhali da gaske ka zauna cikin Keke a go-sulo ɗin kana gumi, ta zauna kenan. In ka je Kasuwar Barci aka tsuga maka kuɗi, dawo ka rubuta "The prices are too high" ko "The shoes are too expensive", ka lura farashi high yake zama, kaya ne suke expensive, ba a cewa "the price is expensive". Mai shayin unguwarku ya cika ganye, strong tea. Yaro ya kwana da zazzaɓi mai zafi, high fever. Sannan ka karanta jimlar da ƙarfi sau uku, bakinka ya saba, don abin da baki ya saba da shi hannu ba ya kuskurensa.

Ƙananan kalmomin nan su at, in, on, to, of, for, kar ka taɓa koyonsu su kaɗai, ɓata lokaci ne. Ka ɗauke su kamar jela, duk inda kalmar ta je da jelarta take zuwa: good at, interested in, depend on, afraid of, married to ba married with ba, congratulate someone on. Neman aiki apply for a job, neman makaranta apply to a university. Discuss kuma ba ta da jela sam, "we discussed the matter" ne, about ɗin da muke liƙa mata ƙari ne. A tambayoyin zaɓi-ɗaya na WAEC da NECO da JAMB irin waɗannan suna fitowa sosai, a bar maka gurbi a ce cike, kuma ba dabarar lissafi da za ta fid da kai, ko ka taɓa haɗuwa da su tare ko ba ka taɓa ba.

Aro ma a ba shi layinsa. Da yake a Hausa tushe ɗaya ne, ara min da na ara, sai muke cewa "borrow me your pen". Mai bayarwa lend yake yi, mai karɓa borrow. "Lend me your pen", ko "Can I borrow your pen?"

Ina za ka samo su? Ƙamus dai, amma ka canja yadda kake duba shi. Yawanci muna karanta ma'ana mu rufe, alhali dukiyar tana ƙasa, cikin jimlolin misali. Ƙamusun masu koyo na Oxford da Cambridge da Longman duk suna intanet kyauta, data kaɗan suke ci, buɗe kalma kamar attention za ka ga pay attention, buɗe crime za ka ga commit a crime, ka kwashe ka zuba a littafinka. In kana karanta jarida irin Daily Trust ka riƙe biro, ka ja layi ƙarƙashin kalma biyu ko uku da suka zo tare maimakon ɗaya, amma daga cikin labarin ba daga kanun ba, don kanun labarai ana yanke musu kalmomi saboda wuri. Wasu suna sa haɗin cikin alamar zance a Google su ga ko ana faɗa, yana ɗan taimakawa amma a yi hattara, masu kuskure ma suna rubutu a intanet da yawa, ƙamus ya fi zama abin dogaro.

Wani saurayi a ajin ya taɓa ce min, Malam toh ai kowa a garin nan "off the light" yake cewa kuma ana ganewa. Na ce ƙwarai, kuma ban ce ka raina mai faɗa ba, Turancin Najeriya yana da nasa haɗe-haɗen, wasu ma kamar "write an exam" ba mu kaɗai muke faɗa ba duk da a Ingila sit ko take suka fi cewa. A kasuwa da cikin abokai yi maganarka yadda aka saba. Amma ranar da za ka rubuta takardar neman aiki, ko ka zauna gaban masu intabiyu, ko takardarka ta je hannun mai maki, kana bukatar ɗayan ma ya kasance a aljihunka. A littafinka sai ka rubuta su gefe da gefe, na titi da na takarda, ka san wanne za ka ciro a ina.

Kar ka yi zari. Biyar a rana ya isa, in ka ce hamsin za ka yi sati guda ka jefar da littafin. Ranar Asabar ba sabo, bita kawai: rufe gefen Turancin da hannu, ka dubi Hausar, cin riba, yin mafarki, mura ta kama ni, ka faɗi Turancin a cikakkiyar jimla kafin ka ɗaga hannun. Wanda ka kasa ka sa masa ɗigo, ya dawo sati mai zuwa. In kana da aboki ko ƙanwa a gida ku yi wa juna, ɗaya ya jefo Hausar ɗaya ya mayar, ko ta WhatsApp ma ana yi da saƙon murya.

Ita yarinyar nan yanzu littafinta ya kusa rabi. Ranar Laraba ta kawo min shafin kama, a ƙasa ta rubuta "There was heavy traffic at Kawo, so my uncle missed the train", na tambaye ta ko da gaske ne ta ce eh Malam, sai da ya koma ya hau mota zuwa Abuja. Sati mai zuwa shafin sa za mu buɗe, sa riga da sa hannu da sa rana da sa ido, na ce kowa ya zo da nasa guda biyar daga gida.