Yadda zaka gane rigimar kotu kan fatar ƙwallon golf

Idan kana so ka fahimci irin wannan shari'a, fara da ƙwallon kanta, ka samo tsohuwa ka raba ta biyu. In mai shafi uku ce, zaka ga dunƙulen roba a tsakiya, sai wani siririn shafi, sannan fatar waje. Rigimar kusan duk akan wannan fatar take wallahi.

Sai ka san kayan da ake yinta. Da can balata ake amfani dashi, ƙaron bishiya ne mai laushi amma saurin yagewa gareshi. Surlyn, wata roba da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro, yafi ƙarfi. Polyurethane kuma shine ya haɗa laushi da juriya, dashi Titleist, masu yin ƙwallon golf, suka yi fatar ƙwallonsu mai suna Pro V1 a 2000.

Yanzu ɗauki shari'ar da kamfanin Callaway suka shigar kan Acushnet masu Titleist a Delaware ta Amurka a 2006, suna cewa Pro V1 ta keta haƙƙin mallakar ƙirƙirarsu. Kar ka ɓata lokaci kan zane-zanen takardar mallakar ƙirƙirar, wuce ƙarshe inda aka lissafa ainihin abinda ake iƙirari, nan zaka ga taurin fata da ma'aunin Shore D, kuma anan aka yi ta ja-in-ja, shin a jikin ƙwallon za a auna ko a falle daban, don lambar tana canzawa saboda shafin dake ƙasa. Kotu tace a jikin ƙwallo.

Daga nan duba ko wani ya riga masu takardar ƙirƙira. Da wannan hujjar Acushnet suka yi nasara a 2010, a 2012 kuma kamfanonin suka sasanta.