Babi na Bakwai: Jakar Ruwa a Ƙwaƙwalwa da Kayan Cikin Shanu

Darasi na Ɗaya

'Yan uwa makiyaya da mahauta, ku karanta a hankali, kada ku ji kunyar komawa farkon layi idan kalma ta yi muku wuya. Tsila tsutsa ce doguwa mai faɗi da ke zaune a hanjin kare. Ƙwayayenta suna fita tare da kashin kare su watsu a ciyawa da bakin rafi. Idan saniya ta ci ciyawar, ƙwan yakan ƙyanƙyashe a cikinta, tsutsar ta bi jini ta isa ƙwaƙwalwa, ta yi jaka mai cike da ruwa wadda a cikin watanni kan kai girman ƙwan kaza. Daga nan dabbar za ta riƙa kewaya wuri ɗaya, tana karkata kai, tana tuntuɓe, wani lokaci idonta ya daina gani. An fi ganin wannan a tumaki da awaki, amma maruƙa ma suna kamuwa. Wata irin tsilar kuma tana yin jakarta a hanta da huhu, kuma ita tana kama mutum.

Darasi na Biyu

Ga wurin da aka fi kuskure. Idan aka yanka dabba aka ga jakar ruwa a kai, ko hanta, ko huhu, kada a jefa wa kare. A haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ƙone. Ku sake karantawa: kada a jefa wa kare. Kare ya ci jakar, tsila ta girma a hanjinsa, ya koma ya ɓata wurin kiwo da kashinsa, cutar ta dawo garkenku.

Rubuta a littafinka: Ba zan ba kare kan dabba mai juwa ba. Rubuta sau uku. Madalla, hannunka yana gyaruwa.

A ajinmu na Bukuru na maimaita wannan har muryata ta dushe, amma washegari na ga ɗaya daga cikinku a kwata yana wurga wa karnuka huhu mai ƙuraje, wai kada a yi asara. Haba Malam! Asarar huhu ɗaya ta fi ta maraƙi? A binne, ko a ƙone. Rami mara zurfi bai wadatar ba, domin kare zai tone.

Darasi na Uku

A ba karnukan ruga maganin tsutsa mai suna furazikwantal, bisa shawarar likitan dabbobi. Idan an rasa gane ciwon, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana nan Vom, kusa da mu. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa kare.

Darasi na Huɗu

Ƙananan jakunkuna farare kamar ƙwayar shinkafa a zuciya, harshe da naman muƙamuƙin saniya na wata irin tsilar ne, daga bayan gidan mutum da ya ɓata ciyawa suke zuwa. A yi amfani da masai, a dafa nama ya nuna sosai.