Jak Ɗin Lantarki Ya Ƙi Sauka: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gyara

Motocin da ake kwana a cikinsu, da irin tirelar asibitin tafi-da-gidanka da ke shiga ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, wasunsu na da ƙafafu a ƙasa da ƙaramin moto mai aiki da batir ke saukewa don kada motar ta riƙa rawa; su ake kira jak ɗin lantarki. Da ƙafa ta ƙi motsi sai ka ji an ce moto ya ƙone, a tafi Ƙofar Ruwa neman wani. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau.

A fara da batir. Cikakke yana nuna wajen volt 12.6 a mitar auna wuta. In ya yi ƙasa da 12, moto na iya yin gurnani ya tsaya. Kuma a auna lokacin da ake danna makunni, don batir mai rauni kan nuna lafiya in ba a ɗora masa aiki ba. Daga nan sai wayar negatif da aka ɗaure a jikin shasi. Taɓon damina na sa ta tsatsa. A kwance ta, a kankare, a ɗaure tamau.

Gwajin da ke raba gardama shi ne a cire wayoyin moton biyu a haɗa su kai tsaye da batir. In ya juya, a sauya wayoyin, ya kamata ya juya baya. In haka ta faru, to laifin na makunni ne, ko fis, ko waya. Fis kuwa, don Allah kada a maye shi da zaren waya kamar yadda wasu masu riwaya ke yi. A sa mai lamba ɗaya da na da.

Babban kuskure dai na direbobi ne: ɗaga mota da jak ɗin don canza taya. Ba aikinsa ba ne, tokarewa kawai yake yi. Haka riƙe makunni bayan ƙafa ta kai ƙarshe, yana cinye haƙoran giya. In moto na juyawa ƙafa ba ta motsi, can za a duba.

Sai giris. A ƙasa mai rairayi irin ta wajen Gumel ko Maigatari, giris mai kauri yashi yake tarawa har zaren ƙarfen da ke ɗaga ƙafar da sauke ta ya cije. A wanke, a fesa mai irin na silikon. A kuma sa katako a ƙarƙashin ƙafar kada ta nutse.