Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa na'urar hangen taurari a kan mazaunin ikwatoriyal

Mazaunin ikwatoriyal, wato kan ƙarfen da ke ɗauke da bututun na'urar hangen taurari a bisa ƙafafu uku, aikinsa ɗaya ne: ya bi juyin sama. Taurari na tafiya digiri 15 a kowace awa daga gabas zuwa yamma, shi ya sa idan ka ninka girman Mushtari sau 100, cikin minti biyu ko ƙasa da haka zai fice daga gilashi. Mazaunin yana da majuyi biyu, ana kiransu RA da DEC. In an kafa shi daidai, RA kaɗai za ka riƙa murzawa, tauraro ya tsaya maka a tsakiya. Yawancin masu cewa na'urarsu ba ta da kyau, a wajen haɗawa suka baro matsalar.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne ɗora bututu kafin ƙarafan nauyi, wato ƙarafan da ake zurawa a sanda su daidaita nauyin bututun. Da zarar makullin RA ya ɗan saki, bututun zai kifo ya bugi ƙafa, madubi ya goce ko ya tsage. Tsarin shi ne: kafa ƙafafu uku, ɗaure kan mazauni, murɗa sandar nauyi, zura ƙarafa, sannan bututu. Wajen kwancewa a juya tsarin, bututu ne ke fara sauka. Akwai ɗan noti a ƙarshen sandar da mutane ke cirewa su manta a kwali. A mayar da shi nan take. Ƙarfe ɗaya kan kai kilo 5, kuma wannan notin ne kaɗai tsakaninsa da yatsun ƙafarka.

Kada a miƙe ƙafafun har ƙarshe, don suna ƙara tsawo suna ƙara rawa. A sa farantin tsakiya a matse shi, a taka ƙasa mai tauri.

Sai maganar fuskantar arewa. Majuyin RA ne ya kamata ya kalli tsakiyar juyin sama, kusa da tauraron arewa, Polaris, wanda bai kai digiri ɗaya ba daga wurin. Sababbin masu na'ura sukan karkata bututu ya kalli arewa su bar mazauni yana kallon wani gefe. Wannan bai gyara komai ba. Kan mazaunin kansa ake juyawa, a ɗaga shi daidai da latitud ɗin garin da ake, wato nisansa daga layin tsakiyar duniya a lissafin digiri. A Kano wajen digiri 12 ne, a Sakkwato 13, a Yamai 13 da rabi, a Abuja 9. In za ka duba kamfas, ja da baya taku biyu ko uku, saboda ƙarfen mazauni na janye allurar.

A nan ne masu kallo a ƙasar Hausa ke cin karo da abin da littafin na'ura bai cika faɗa ba. Galibin waɗannan mazaunai an ƙera su ne da tunanin Turai da Amurka, inda latitud ke kai 40 ko 50. A digiri 12, sandar nauyi kusan a tsaye take saukowa, sai ƙarfen ya riƙa dukan ƙafar da ke arewa. Wasu sukan bar mazaunin a digiri 20 don gudun karon, daga nan tauraro ya riƙa zamewa sama ko ƙasa komai murzawa. Gyara biyu ne. Idan kan ƙafafun na da rami na biyu, a mayar da ɗan turken da ke tsaye a kan ƙafafun, wanda mazauni ke kamawa, zuwa wannan ramin, yadda sandar za ta sauko tsakanin ƙafa biyu. Amma a kula, nauyi ya koma gefen da babu ƙafa, na'urar na iya kifewa, don haka a rataya jakar yashi a tsakiya. Wanda ya fi shi ne ƙarin ginshiƙi tsakanin ƙafafu da kan mazauni, ya ɗaga ƙarfen sama da ƙafa. Kafin sayen kowane mazauni, a duba mafi ƙarancin latitud da yake kaiwa.

Notunan latitud biyu ne, gaba da baya. Sai an sassauta ɗaya ake matse ɗayan, in ba haka ba notin ya lanƙwashe. Gara a yi wannan kafin a ɗora kaya. Lokacin hunturu kuwa hazo kan rufe Polaris, tunda ƙasa-ƙasa yake. Don kallo da ido, kamfas da lambar latitud sun wadatar.

Daidaita nauyi kamar sikelin 'yan kasuwa ne, kuma ba a auna shi da rabin kaya. Kuskuren da aka saba yi shi ne a daidaita bututu tsirara, daga baya a ɗora gilashin leƙawa, ƙaramin madubin nema (ɗan madubin hangen da ke gefen bututu don gano tauraro) da kyamara. A sa komai tukuna, a cire marufi. Riƙe bututu da hannu ɗaya, saki makullin RA, juya har sandar ta kwanta a miƙe. Sassauta hannu kaɗan, kada ka saki gaba ɗaya. In bututu ya rinjaya, tura ƙarfe waje. In ƙarfe ya rinjaya, jawo shi ciki. Ya tsaya, sai ka kulle RA sandar na nan a kwance, ka saki DEC, ka kwantar da bututun. Gefen da ya sunkuya shi ne mai nauyi: sassauta zobban da suka rungume shi, ka zame shi santimita ɗaya ko biyu, ka sake gwadawa. Idan ka samu wurin, manna tef a kan bututu da sanda, gobe ba sai ka sake nema ba.

Ƙarafa biyu kusa da mazauni sun fi ɗaya a can ƙarshen sanda, rawarsu ta fi saurin kwanciya. Mai mazauni mai mota, wato injin da ke juya shi da kansa, kuma ya bar gefen gabas ya ɗan fi nauyi kaɗan, ko bututu ne a wajen ko ƙarfe, domin haƙoran giya su kasance a manne. Motar da ke gurnani ko tsalle, sau da yawa nauyi ne ya fi ƙarfinta ta gefe ɗaya. Mai ɗaukar hoto kada ya wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na nauyin da kamfani ya rubuta.

Abin da ke kashe mazauni da wuri shi ne tura bututu da ƙarfi alhali makulli na kulle. Haƙoran giya ƙanana ne, suna cinyewa, kuma daga nan sai sako-sako. Saki makulli, kai bututu inda kake so, kulle, sannan ka ƙarasa da marfin murzawa a hankali. Haka nan in tauraro ya ƙetare tsakiyar sama zuwa yamma, ƙarfe zai fara hawa sama da bututu, bututun kuma ya nufi ƙafa. Kada a ci gaba. A saki makullai biyu, a zagayo da bututun ɗaya gefen mazauni, a sake kamo tauraron. In gilashin leƙawa ya koma ƙasa, bututun ake juyawa a cikin zobbansa, ba a ɗaga ƙafafu.

Ƙaramin madubin nema tun gari na da haske ake saita shi, a kan kan hasumiya ko eriya mai nisan kusan kilomita ɗaya, da gilashi mafi ƙarancin ninki, irin mai milimita 25. A juya wa rana baya yayin yin haka, kuma kada a bar yaro shi kaɗai da na'urar, domin leƙen rana ta cikinta na ƙona ido nan take.