Yadda ake bin sawun gundumar karkara da ta sauya sheƙa a zaɓen shugaban Amurka

Gundumar Elliott da ke gabashin jihar Kentucky ce ta koya mini wannan aiki, don haka da ita zan yi misali. Mutanenta ba su kai dubu takwas ba, hedikwatarta wani ɗan gari ne, Sandy Hook. Daga zaɓen 1872 har zuwa na 2012 ba ta taɓa zaɓar ɗan takarar shugaban ƙasa na Rifablikan ba, hatta a 1972 da 1984, lokacin da Nixon da Reagan suka lashe jihohi 49. Sai ga shi a 2016 Trump ya kwashe kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙuri'unta. Da farko na ɗauka dare ɗaya aka juya. Da na zauna da alƙaluman, sai na ga ba haka ba ne.

Ka fara da jera sakamakon kowane zaɓe a layi ɗaya, aƙalla na shekaru arba'in. Hukumar zaɓen jiha tana ajiye su, jami'ar MIT kuma ta tattara na kowace gunduma daga 2000 zuwa yau. Rubuta kason kowace jam'iyya, ka kuma rubuta ainihin yawan ƙuri'un, domin jam'iyya kan iya faɗuwa ko da mutanenta ba su koma wani wuri ba, zama kawai suka yi a gida.

Mataki na gaba shi ne wanda na fi ba muhimmanci, kuma shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa: ka auna gundumar da ƙasa baki ɗaya. A 2004 John Kerry na Dimokurat ya samu kusan kashi 70 a Elliott, alhali a ƙasa kashi 48 ya samu. Ratar ta haura ashirin. A 2008 Obama ya samu 61 a can, 53 a ƙasa, rata ta dawo takwas. A 2012 kuwa 49 ya samu a Elliott, 51 a ƙasa. Ka ga ke nan tun kafin Trump ya fito takara gundumar ta riga ta zame ƙasa da matsakaicin Amurka, duk da cewa a taswira shuɗiya take, launin Dimokurat. Wanda ya tsaya kallon launi kawai ba zai ga wannan ba.

Ka yi hattara da shekarun da ɗan takara na uku ya yi ƙarfi, irin George Wallace a 1968 da Ross Perot a 1992, don sukan gurɓata lissafi.

Sannan ka duba sauran kujeru. A Elliott, mutanen da suka zaɓi Trump sun ba Andy Beshear na Dimokurat rinjaye a zaɓen gwamna na 2019 da na 2023. Wannan ya nuna mini cewa da Dimokurat ta ƙasa suke rigima, na gida kuwa har yanzu suna sauraronsa.

Sai bayan nan za ka nemi dalili, kada ka yi gaggawa. Duba ƙidayar jama'a, ka ga su wa suka tafi, su wa suka tsufa. Duba abin da ake ci da shi: a 2004 aka soke tsarin ƙayyade noman taba da ya riƙe ƙananan manoma tun 1938, aikin haƙar kwal a gabashin Kentucky kuma ya durƙushe bayan 2011. Waɗanda suka ga zamanin shugaba Franklin Roosevelt, suka riƙe jam'iyyarsa ta Dimokurat kamar gado, sun ƙare. Batun bindiga da zubar da ciki ya hau gaba. Kowane dalili da ka samu, ka ɗora shekararsa a kan jadawalinka, ka ga ko ratar ta motsa a lokacin ko ba ta motsa ba.