Yadda za ka yi wa ma'aikata sayayya ba tare da ka cuci ƙasa ko talaka ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da sayayyar wata makarantar kwana a wajen Kano. Daga alli har man janareta, daga buhun masara har katifar ɗalibai, babu abin da ke shiga sito sai da sa hannuna. A farkon kama aiki abu ɗaya na sani: in karɓi takardar farashi daga mutum uku, in ɗauki ta mai araha, in miƙa wa akanta. Wake ne ya koya mini hankali.

Wata shekara bayan kaka na sami wake a farashin da ya sa har na yi wa kaina kirari. Fari tas, ko huda ɗaya babu. Da aka sauke, Baba mai girki ya kwance bakin buhu, ya zura hannu har gwiwa, ya ɗebo, ya shinshina. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Malam, waken da ƙwaro ya ƙi, shi za mu ba 'ya'yan mutane?" Na kai hancina, warin fiya-fiya ya doke ni. Daga baya na gane abin ya fi ƙarfin sitonmu, domin a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos, wato gubar da ke cikin fiya-fiya, da aka samu a ciki. Mun mayar da kayan bayan doguwar jayayya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne amsar dillalin: "Ai wake ka ce in kawo, ba ka ce mara magani ba." Kuma gaskiyarsa ce.

Manyan kamfanoni da hukumomi suna da littafin da suke bi a kan sayayyar da ba ta cutar da ƙasa ko mutane, wato ISO 20400 da ya fito a 2017. Jagora ne kawai, ba a bayar da satifiket a kansa, saboda haka in ɗan kwangila ya zo yana kaɗa maka takarda wai an tantance shi da shi, ka sake dubansa. Abin da zan faɗa a nan bai buƙaci ka karanta shi ba.

Ka fara da rasit ɗin bara. Ka kwaso su duka, ka zauna rana guda, ka tara kowane iri wuri ɗaya, ka ga inda kuɗin ya fi zurarewa. A wurinmu abinci ne kan gaba, sai dizal da wuta da icen girki, sai ɗinkin yunifom da aikin kafinta. Ka zaɓi uku ko huɗu, ka ƙyale sauran tukuna. Na ga ofishin da aka yi zama uku a kan irin biron da ya dace a saya, alhali janareta na can baya yana shan mai tun safe don esi biyu a ɗakunan da babu kowa.

Kafin ka rubuta takardar neman kaya, ka je ka ga wanda ake cewa ya lalace. An taɓa kawo mini buƙatar sababbin gadaje. Na shiga bayan sito na tarar da tarin tsofaffi, yawanci ƙafa ɗaya ce ta ɓalle ko waya ta tsinke. Mai walda da yaransa biyu suka tayar da fiye da rabi cikin mako guda.

Ainihin aikin yana cikin takardar da kake bayyana abin da kake so. Duk sharaɗin da ba ka rubuta ba, ka yafe shi ke nan. A yanzu takardar wakenmu tana cewa: na bana, wanda ba a zuba wa magani ba, a kawo shi cikin buhun PICS, za a buɗe buhun da muka ga dama a gaban direba kafin a sauke. Buhun PICS shi ne mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwaron ya mutu don kansa. Ya fi buhun gama-gari tsada, amma in ba a huda shi ba ana sake amfani da shi. Masara da gyaɗa kuma mukan ƙi duk mai danshi ko alamar fumfuna, saboda gubar da ke fitowa daga nan tana taɓa hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Duk abin ci ko sha da aka sarrafa a masana'anta, da magani da sabulu, sai da lambar NAFDAC da ranar ƙarewa. Wayar wuta da siminti da rodi da katifa ƙirar gida, ka nemi tambarin MANCAP na hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Takardar rubutu, ka juya bayan kunshin ka duba tambarin FSC, mai nuna cewa itacen ya fito daga dajin da ake lura da saransa. In esi za a saya, ka guji mai iskar R22, domin ana kan hanyar daina amfani da ita ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal, gobe in ta zube sai ka sha wahalar cikowa.

Sai lissafi. Farashin da ke kan takarda somin-taɓi ne, sauran kuɗin yana biyo baya a hankali. Ka ɗauka kana da ƙwan lantarki ɗari na da, masu wat 60. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kusan iri ɗaya. Bambancin wat 51 ne a kowane ƙwai. In suna kunne awa goma, ka ceci yunit 51 a rana. A Afrilun 2024 an kai yunit ɗaya naira 225 ga masu Band A, rukunin da ya fi samun wuta, wato naira 11,475 ke nan kullum. In da janareta kake kunna su, abin ya wuce haka. Wannan lissafin na rubuta a rabin takarda na kai wa mai makarantar. Ban yi masa wa'azin ɗumamar yanayi ba. Ya gyara tabarau, ya bi da yatsa, ya ce, "Tun yaushe ka san wannan ka yi shiru?" Na ce, "Ranka ya daɗe, jiya na zauna na lissafa."

Haka za ka yi wa fanka da firji da famfon rijiyar burtsatse: kuɗin saye, da abin da zai sha na wuta ko mai, da gyara, a raba da shekarun da zai yi. Ka tambayi inda ake samun kayan gyaransa. In sai an aika Legas, ka sa wannan a ma'auni.

A kan sola akwai abin da mutane ke mantawa, wato ƙarshen batir. Yawancin batiran da muke sawa masu dalma ne. In sun mutu akan jefa wa 'yan gwangwan, su kuma su fasa su da guduma a bayan gida, ruwan batir ya bi ƙasa, a narka dalmar a fili inda yara ke wasa. Duk wanda ya tuna abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara, ya san dalma ba abar wasa ba ce. Mu muna rubutawa a kwangila cewa wanda ya kawo sabo shi zai ɗauki tsohon, ya kuma gaya mana masana'antar da yake kai wa. Ba zan ce ina bin motarsa in ga inda ta tsaya ba, amma aƙalla ya fita daga hannun yaran unguwa.

Ɓangaren mutane ya fi wuya, domin ba a ganinsa a jikin kaya. Riga ba ta gaya maka wanda ya ɗinka ta. A Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladesh, ya kashe mutum sama da 1,100, yawancinsu masu ɗinka tufafin da manyan shagunan Turai da Amurka ke sayarwa, kuma bayan haka kamfanonin suka ƙara tura masu dubawa. Kai ba sai ka hau jirgi ba, telanka yana nan cikin gari. Ka je ba tare da ka sanar ba, gani ya kori ji.

Na taɓa zuwa shagon mai ɗinka mana yunifom da hantsi, ranar Talata. Shago ɗaya, keke shida, ƙaramin janareta yana aiki a bakin ƙofa hayaƙin na komawa ciki. A ƙasa yara uku, babbansu bai wuce sha biyu ba, suna sa maɓalli, idanu jajur. Na tambayi ƙaramin yaushe suka tashi jiya, ya ce bayan sha biyun dare, don Oga ya ce kayan makaranta ne, Asabar za a kai. Wato wa'adin da ni na yanka shi ya hana yaron barci. Ni ban ga laifin yaro ya koyi sana'a ba, da haka iyayenmu suka tashi. Amma koyon sana'a bayan an taso makaranta daban, kwana a kan keke daban. Ban ƙwace aikin ba, don in na ƙwace, yaran suna nan, ni ne dai ba zan ƙara ganinsu ba. Muka zauna da telan. Na ce, "Alhaji, zan riƙa ba ka aiki wata biyu kafin a dawo hutu, da rabin kuɗi a hannu. Kai kuma ba yaro a shago lokacin makaranta, ba aikin dare, janareta ya koma waje." Ya amince. Nakan leƙa lokaci-lokaci, kuma sau ɗaya na tarar an koma gidan jiya, sai da muka sake magana.

Kwangilar masu gadi da masu shara ma akwai lissafin da ke tona asiri. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne, ko da yake dokar ba ta hau kan ma'aikatar da mutanenta ba su kai 25 ba. In kamfani ya ce zai ba ka mai gadi a kuɗin da bai kai haka ba, ga kaki, ga tocila, ga ribarsa, to ka san daga cikin wa ake yankar arahar. Ka sa a rubuce nawa zai shiga hannun ma'aikacin da ranar biya. Bayan wata biyu ka tsaya a get ka tambaye shi da kanka.

Ka kuma rarraba kwangila. In ka haɗa shinkafa da man gyaɗa da daddawa da kayan miya a takarda ɗaya, babban ɗan kwangila ne kaɗai zai iya, shi kuma zai je ya saya a hannun ƙananan ya ɗora nasa. Da muka raba, shinkafa ta riƙa zuwa daga masu casa a Kura, daddawa da kuka daga wata ƙungiyar mata a ƙauyen da ke kusa da mu. Hukumomin gwamnatin tarayya ma an ɗora musu makamancin haka: umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya ce aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan irin su yunifom da abinci da kujeru da kayan rubutu ya tafi ga kayan gida. Sai dai ƙaramin mai sana'a ba ya iya jiran wata uku. Shugabar matan nan ta gaya mini ƙiri-ƙiri, "Ɗana, jarinmu ke nan gaba ɗaya muka juye maka." Na roƙi akanta muka sa ƙa'ida: duk ƙaramin mai kawo kaya a biya shi cikin mako biyu. A ganina wannan ya fi duk wata takardar manufa da za a liƙa a bango.

Wajen zaɓe, ka raba maki tun kafin a buɗe ambulan, ka kuma sanar da kowa. Mu mukan ba farashi 60, inganci da daɗewa 25, sharuɗɗan muhalli da na ma'aikata 15. Kada mutum ɗaya ya yanke, ko da kai ne. Mu uku muke zama, har da wanda zai yi amfani da kayan, shi ya sa Baba mai girki yake da kujera ranar abinci. Wannan yana kuma rage masu zuwa da "na goro", domin wanda ya sayi mutum ɗaya bai sayi kwamiti ba. In a hukumar gwamnatin tarayya kake, dokar sayayya ta 2007 ta ɗaure ka da mafi ƙarancin farashi daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa, don haka duk abin da ka damu da shi ka sa shi cikin sharuɗɗan tun farko. Bayan an buɗe babu ƙari.

Ba duka muka ci nasara ba. Icen girki har yau yana damuna. Mota-mota ake sauke mana shi, kuma na san daga dajin da ba a sake dasawa yake zuwa. Mun gwada gas zango ɗaya, farashi ya tashi, muka kasa. Abin da muka iya shi ne gina murhun bulo mai rufaffen gefe da bututun hayaƙi a madadin duwatsu uku. Icen ya ragu, masu girki sun daina hawaye, amma ba a daina ba. Ledar fiya wata kuwa mun rabu da ita a ɗakin cin abinci: tanki, matata, kowane ɗalibi da kofinsa. Ranar ziyarar iyaye dai sai ka ga fili ya yi fari kamar an yi shanya. Legas ta hana robar kumfa ta zuba abinci tun Janairun 2024, mu ma na daina karɓarta a taron makaranta.

Ka buɗe littafi mai bango mai ƙarfi, ka ja layi huɗu: litar dizal, motar ice, yunit na wuta, da kwana nawa kowane mai kawo kaya ya jira kuɗinsa. Ka cika shi duk ƙarshen zango. Nawa yana cikin durowar hagu, kuma shi nake ɗauka duk ranar da zan shiga wurin mai makaranta da sabuwar buƙata. Ta gaba ita ce famfon sola a rijiyar ɓangaren mata.