Yadda za ka ratsa saman Kinder Scout kai kaɗai da hunturu

Wannan na 'yan uwa ne da ke karatu ko aiki a Manchesta da Shefil, masu son fita shan iska su kaɗai. Kinder Scout tudu ne a yankin Peak District na Ingila, tsayinsa mita 636, samansa fili ne fetal, ba bishiya ba gida, sai gajerun ciyayi da baƙin taɓo. Jirgin ƙasa zai sauke ka a ƙauyen Edale, daga nan kuma ƙafa ce.

Tun ana gobe za ka tafi ka duba hasashen yanayin duwatsu na Met Office, wato hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, ba na cikin gari ba, don na ƙasa daban na sama daban. In ka ga iska mai ƙarfi ko hazo kawai ka haƙura, dutsen ba gudu zai yi ba.

Sai ka faɗa wa wani hanyar da za ka bi, ka ce masa in ƙarfe kaza ta yi bai ji ka ba ya kira 999 ya nemi 'yan sanda, su za su taso masu aikin ceto.

Kaya kuma, don Allah ka bar wandon jins da rigar auduga a gida, in sun jiƙe da gumi ba sa bushewa, kuma jiƙa da iska su ke kayar da mutum a can tun kafin a zo maganar ƙanƙara. Ka jera riguna marasa nauyi a kan juna, da ta ulu, sannan rigar ruwa a sama, hular sanyi, safar hannu har da ta canji, da takalmi mai rufe idon sawu. A jaka ka sa tocilan ta goshi, fulas ɗin shayi, dabino, usur, kamfas da taswirar takarda mai lamba OL1 ta Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya. Waya kaɗai ba abin dogaro ba ce, sanyi na shanye batir kuma sabis sai a hankali.

Ka yi sammako. A Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a manne suke, gara ka riƙe alwalarka tun daga ƙasa. Ka yanke lokacin juyowa, misali ƙarfe 1, in ta yi ka juyo ko ba ka kai inda ka nufa ba.

Ka hau ta matakalar duwatsu da ake kira Jacob's Ladder a kan doguwar hanyar ƙafa ta Pennine Way, in ka kai sama ka bi gefen tudun inda hanya take a fili. Tsakiyar nan ce matsalar, kwazazzabai ne na taɓo, wasu sun fi tsayin mutum, duk kamarsu ɗaya, kana shiga ka rasa gabas da yamma. Inda ka ga ciyawa kore shar a shimfiɗe kamar darduma kar ka taka, ruwa ne a ƙasa, sai ka nutse har gwiwa.

In hazo ya rufe ka ka tsaya cak, ka fito da kamfas, kar ka yi ta tafiya da ka. In ka fara karkarwa, yatsu sun kasa jan zif, ka ƙara riga, ka ci wani abu, ka kama hanyar sauka. In kuma abin ya gagara ka kira 999, sannan ka busa usur sau 6, ka jira minti ɗaya, ka sake.